Sankarar Ɓargo da Dashen Ɓargo: Abin da Ya Kamata Iyali Su Sani Kafin Su Sayar da Gona

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu da 'yan uwanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum, tun daga Bagega har Daki Takwas, tun daga Nasarawar Burkullu har ƙauyukan bakin gulbi. Wanda ke gona, Allah ya sa albarka. Wanda ke kwance, Allah ya kawo sauƙi. Masu jinya kuma, Allah ya ba da lada.

Yau za mu tattauna kan wani ciwo da ya fi kama manya, wanda kan daɗe yana cin mutum kafin a gane shi. Shi ne sankarar ɓargo, wadda likitoci ke kira miyeloma. Za mu duba alamunta, mu duba aikin da ake kira dashen ɓargo, sannan mu tsaya a kan tambayar da ke damun iyalai da yawa: me ya sa mutum biyu sa'annin juna, ciwonsu ɗaya, a yi musu aiki iri ɗaya a asibiti ɗaya, amma ɗaya ya yi shekara bakwai yana harkokinsa, ɗayan kuwa ciwon ya dawo masa tun ba a cika shekara biyu ba? Kaso mai yawa na amsar yana cikin ƙwayoyin halittar ciwon. A gyara zama.

(Kiɗa kaɗan)

Duk wanda ya taɓa fasa ƙashin saniya ya san ɓargo. To, a jikin ɗan Adam, cikin wannan ɓargo ake yin jini, musamman a ƙashin baya da ƙugu da haƙarƙari da ƙoƙon kai. A nan ake samar da jajayen ƙwayoyin jini masu kai iska ko'ina a jiki, da farare masu yaƙi da cuta, da waɗanda ke tsayar da jini idan an yanke. Duka suna fitowa ne daga wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan da ake kira ƙwayoyin asali.

Daga cikin fararen akwai wasu da ake kira ƙwayoyin filasma, aikinsu haɗa sinadaran garkuwar jiki. Miyeloma tana farawa ne ranar da ɗaya daga cikinsu ta lalace, ta shiga hayayyafa babu tsayawa. Zuriyarta sai ta cika ɓargo, ta hana a yi jini lafiyayye, ta riƙa zaizaye ƙashi daga ciki, tana kuma zuba wani furotin mara amfani cikin jini wanda ke toshe ƙoda. Wannan furotin an daɗe da saninsa. Wani likita a Landan mai suna Henry Bence Jones ya bayyana shi a fitsarin wani majinyaci tun wajejen 1847, kuma har gobe da sunansa ake kiran gwajin.

Yaya abin yake a gida? Ga dattijo mai shekara sittin, da ƙarfinsa, wanda bara ma shi ya yi huɗarsa. Sai ya fara kukan baya. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku, ciwon bai sake shi ba, har ruku'u ya gagare shi, ya koma salla a zaune. Idan ka ja fatar idonsa ta ƙasa sai ka ga ta yi fari fat. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta. Fitsarinsa yana kumfa, kumfar ba ta kwanciya da wuri. Ga ƙishirwa, ga taurin bayan gida, wani lokaci har da ruɗewar tunani, saboda sinadarin kalsiyam da ke narkewa daga ƙashi yana taruwa a jini. Zazzaɓi da tari suna ta kai masa ziyara. Wata rana ya yi ɗan tuntuɓe a bakin ƙofa, sai hannu ya karye.

A irin wannan hali me muke cewa? Mu ce tsufa ne, ko sanyin ƙashi, ko amosani, wani ma ya ce jifa ne. A kai shi wurin mai ɗori, a sayo ƙwayoyin kashe ciwo a kemis ana ba shi safe da yamma. A nan nake roƙonku ku buɗe kunne da kyau. Ƙwayoyi irin su diklofenak da ibufurofen, idan mai wannan ciwo ya dage da shansu, suna iya ƙarasa ƙodar da dama ta raunana. Ƙashin da sankara ta zaizaye kuwa, ja da murɗawar ɗori na iya ƙara karya shi. Idan kuma ciwon bayan ya zo da mutuwar ƙafafu ko kasa riƙe fitsari, wannan ba abin da za a bari ya kwana ba ne, a nufi asibiti a ranar.

Mu mutanen wannan yanki muna da wani dalili na musamman na yin hattara. Ba mu manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta bayyana a ƙauyukan haƙar zinari irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, ta kashe yara sama da 400. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar dubban yara, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, ta Bagega ma sai a 2013 aka samu kwashewa. Dalma tana maƙalewa a ƙashi shekaru da dama, tana jawo ƙarancin jini, tana taɓa ƙoda. Kun ga alamunta sun yi kama da na sankarar ɓargo. Don haka tsohon mai haƙa ko mai niƙan dutse zai iya cewa ai tsohuwar dalma ce ke damunsa, ya zauna a gida, alhali wani ciwon ne daban mai magani daban. Ido ba ya raba su. Gwajin jini ne ke raba su.

(Kiɗa kaɗan)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan sankarar ɓargo. Bari mu shiga batun ƙwayoyin halitta, domin a nan mutane suka fi ruɗewa.

A cikin kusan kowace ƙwaya ta jikinmu akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Likitoci sun ba su lambobi. A jikinsu ne aka tsara yadda ƙwaya za ta yi aiki, yaushe za ta hayayyafa, yaushe za ta mutu. Canji a wannan tsari iri biyu ne, kuma wajibi ne mu bambance su.

Iri na farko shi ne wanda ake gada, mutum ya zo duniya da shi. Misalin da kowa ya sani shi ne sikila. Shi ya sa ake gwajin jini kafin aure.

Iri na biyu shi ne wanda ke aukuwa daga baya, cikin ƙwaya guda, bayan mutum ya manyanta. Sauran jikinsa lafiya lau. Bai gada daga iyayensa ba, ba kuma zai gadar wa 'ya'yansa ba. Canje-canjen da ke tafiyar da miyeloma irin wannan ne. Saboda haka gwajin kafin aure ba ya nuna ta, kuma babu dalilin da za a ƙyamaci wani gida a ce kada a nemi aure a cikinsa don kakansu ya yi wannan ciwo. Gaskiya ne bincike ya nuna cewa wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na jini ya yi miyeloma ya ɗan fi sauran mutane yiwuwar kamuwa, wajen ninki biyu zuwa huɗu. Amma da yake ciwon ba mai yawa ba ne, mafi yawan dangin majinyaci har su koma ga Allah ba za su gan shi ba. Kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta jinya.

Idan likita ya ɗebi ɓargon majinyaci aka duba kuromosom ɗin ƙwayoyin sankarar, ga abin da akan tarar. A wajen rabin masu ciwon, ƙwayar ta tara ƙarin kuromosom fiye da 46. Waɗannan galibi ciwonsu ya fi jin magani. A wasu kuma, kuromosom biyu ne suka karye suka yi musayar gutsattsari. Idan musayar tsakanin na 11 da na 14 ce, akan sa ta a matsakaicin hatsari. Idan tsakanin na 4 da na 14 ce, ko na 14 da na 16, ciwon ya fi saurin dawowa. Akwai kuma waɗanda wani yanki na kuromosom na 17 ya gutsure ya ɓace. A wannan yanki ne ake da wani mai tsaro da ake kira TP53, wanda aikinsa shi ne tilasta wa lalatacciyar ƙwaya ta mutu. Idan babu shi, ƙwayar sankara takan jure magani mai ƙarfi. Wajen mutum ɗaya cikin goma ake samu da wannan tun ranar da aka gano ciwon. Haka nan ƙaruwar wani sashe na kuromosom na 1 alama ce ta ciwo mai taurin kai. Gwajin da ke nuna waɗannan abubuwa likitoci na kiransa FISH. Ku riƙe wannan suna.

(Kiɗa kaɗan)

To, mene ne dashen ɓargo? Da yawa suna zaton fiɗa ce, a tsaga ƙashi a cusa wani ɓargon. Babu wuƙa a aikin. Ku ɗauki manomin da mugun ciyawa ya cinye gonarsa. Sai ya fara tsince irinsa mai kyau ya adana a rumbu, sannan ya banka wa gonar wuta, daga baya ya ɗauko irin nan ya sake shukawa. Haka ake yi wa mai miyeloma.

Da farko ana ba shi magunguna na wata huɗu zuwa shida don a rage ƙarfin ciwon, irin su botezomib da lenalidomaid ko talidomaid, haɗe da deksametason. Sannan a yi masa wata allura ta 'yan kwanaki wadda ke koro ƙwayoyin asali daga ɓargo zuwa cikin jini. Sai a kwantar da shi kusa da wata na'ura. Jini na fita ta wannan bututu, na'urar tana juya shi tana tace ƙwayoyin asali cikin wata 'yar jaka, sauran jinin yana koma masa ta ɗaya bututun. Yana farke, yana iya hira, sa'o'i kaɗan an gama. A sanya jakar cikin matsanancin sanyi. Daga nan a ba shi wani magani mai suna melfalan da yawan da zai ƙone ɓargon gaba ɗaya, mai kyau da mara kyau. Bayan kwana ɗaya ko biyu a narkar da ƙwayoyin nan a mayar masa ta jijiya kamar ƙarin jini. Da ikon Allah su da kansu suke neman hanyarsu zuwa cikin ƙashi, cikin kwana 10 zuwa 14 su fara yin sabon jini. Waɗannan kwanaki su ne mafi hatsari, domin jiki ba shi da garkuwa. Baki kan yi gyambo, gashi kan zube, ga gudawa, shi ya sa ake killace mutum a ɗaki mai tsabta.

Ku lura, a miyeloma ƙwayoyin mutum ne ake mayar masa, ba a bukatar wani ya ba shi. Wannan ya bambanta da dashen da ake yi wa masu sikila, inda dole a samo ɓargon wani, kuma sai wasu alamomin gado da ake kira HLA sun dace. Tsakanin 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewar ɗaya ce cikin huɗu. Irin wannan dashe ne aka fara yi a Najeriya a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin jagorancin Dakta Nosakhare Bazuaye, aka yi wa wani yaro mai sikila da ɓargon ɗan uwansa. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ma ya fara, tare da haɗin gwiwar Gidauniyar Sikila ta Najeriya. Duk da haka wuraren ba su da yawa, kuma har yanzu masu neman dashe da dama Indiya ko Masar ko Afirka ta Kudu suke nufa, da kuɗin da ya kai miliyoyin naira masu yawa.

Shin dashen yana aiki? Yana yi. A 1996 likitoci a Faransa ƙarƙashin Michel Attal sun kwatanta majinyata 200, suka ga waɗanda aka yi wa dashe sun fi daɗewa a raye fiye da waɗanda suka tsaya kan magungunan wancan zamani. A 2022 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutum sama da 700, duka an ba su magungunan zamani, rabi kuma aka ƙara musu da dashe tun da wuri. Waɗanda aka yi wa dashe sun yi kimanin wata 67 kafin ciwon ya motsa, sauran kuwa kimanin wata 46.

Amma da aka raba su bisa abin da kuromosom ɗinsu ya nuna, sai hoton ya ƙara fitowa. Masu matsakaicin hatsari sun yi wajen wata 82 da dashe, wata 53 ba tare da shi ba. Masu babban hatsari, wato irin masu musayar 4 da 14 ko ɓatan yankin 17, sun yi wajen wata 55 da dashe, wata 17 kacal ba tare da shi ba. Darasi biyu ke nan. Mai babban hatsari ba ya samun tsawon hutun da ɗan uwansa ke samu, amma kuma shi ne ya fi kowa bukatar dashen da wuri. Shi ya sa wasu likitoci kan ba irinsu shawarar dashe sau biyu a jere, da ci gaba da magani mai ƙarfi bayan haka. Mai matsakaicin hatsari kuwa, a wannan binciken an ga bayan shekara biyar yawan waɗanda ke raye kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu, domin akwai sauran magungunan da ake komawa gare su idan ciwon ya dawo.

Sai mu faɗa wa juna gaskiya: ga mafi yawan mutane dashe ba ya kawar da miyeloma har abada. Yana kwantar da ita ne, ya ba mutum shekaru na lafiya da ibada da zama cikin iyali. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma duk wanda ya ce muku da an yi dashe shi ke nan an rabu, ku binciki maganarsa.

(Kiɗa kaɗan)

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayinmu na baƙar fata. A Amurka an tabbatar miyeloma ta fi kama baƙaƙe ninki biyu a kan farare, kuma takan zo musu da 'yan shekaru kaɗan kafin ta zo wa farare. A 2007 aka wallafa wani bincike da aka yi a Akara ta ƙasar Gana kan maza sama da 900 masu shekara 50 zuwa 74. Kusan 6 cikin 100 an same su da wancan furotin mara amfani a jini ba tare da ciwo ba, wato ninki biyu na abin da ake samu a fararen Amurka. Irin waɗannan mutane, wajen ɗaya cikin ɗari ne a kowace shekara abin ke rikiɗe masa ya zama sankara. Wannan ya nuna akwai hannun gado a yawan ciwon a tsakaninmu.

Ga kuma albishir. Bincike ya nuna musayar 11 da 14 ta fi yawa ga masu asalin Afirka, ɓatan yankin 17 kuma bai kai yawan yadda yake ga farare ba. Sannan inda aka ba baƙi da farare magani iri ɗaya a kan lokaci, baƙi sun rayu daidai da farare, wani wurin ma sun fi. Ke nan abin da ke kashe namu shi ne zuwa a makare da rashin hali, kamar yadda likitocin jini na ƙasar nan suka sha faɗa.

Wani abin sani ga mai shirin fita waje: yawancin mutanen Afirka ta Yamma an halicce su da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini idan aka auna da ma'aunin Turawa, kuma lafiyarsu ƙalau. Likitoci na danganta shi da rukunin jini mai suna Dafi. Yana da kyau a tuna wa likita wannan, don kada a rage wa mutum magani ba gaira ba dalili.

Manomanmu na fadamun Gummi da Bukkuyum, ku ma ga taku. Bincike a Amurka ya sami wancan furotin ya fi yawa a jinin masu yawan feshin maganin ƙwari. Ku rufe hanci da baki, ku sa safar hannu, ku yi wanka bayan feshi, kada kuma a zuba ruwan sha a jarkar magani.

(Kiɗa kaɗan)

To, me za mu yi a aikace? Idan babba a gidanku ya wuce wata guda da ciwon baya ko na ƙashi, ga fari a ido, ga kasala, ku kai shi babban asibitin Anka ko na Gummi ko na Bukkuyum, ku nemi a auna yawan jininsa, a duba ƙodarsa da fitsarinsa, a ɗauki hoton ƙashin. Idan an taɓa harkar zinari, ku faɗa wa likita don a duba dalma. Idan sakamako ya ba da shakku, ku karɓi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ku nemi ganin likitan jini.

Idan aka ce za a ɗebi ɓargo, kada ku tsorata. Mutum zai kwanta ta gefe, a yi masa allurar kashe zafi a bayan ƙugu, a sa wata allura a zuƙo ɗan kaɗan. Yakan ji wani ja na ɗan lokaci, kafin rabin sa'a an gama, kuma jiki na mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan kwanaki. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya gurgunta mutum.

Idan kuma an tabbatar da ciwon har ana maganar dashe, kafin a ɗaga gona ko a kora shanu kasuwa, ku zauna da likita ku yi masa tambayoyi huɗu. Shin an yi gwajin kuromosom, ko akwai inda za a aika a yi, kuma me ya nuna? Shin shekarun majinyaci da zuciyarsa da ƙodarsa za su ɗauki aikin? Bayan dashe, wane magani zai ci gaba da sha, nawa ne a wata, kuma a ina za a samu? Idan ba mu da halin dashe, wane magani ne za a iya yi a nan gida? Tambayar ƙarshe tana da amsa mai daɗi, domin magungunan da ake samu a manyan asibitocinmu suna rage ciwo, su ƙarfafa ƙashi, su ƙara wa mutum kwanaki masu amfani da yardar Allah. Wanda bai samu dashe ba, bai rasa komai da komai ba.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa lura da canjin jikin maigida da na tsofaffi, kada ku yi shiru. Matasa, ku ne masu babur da waya, ku ɗauki iyayenku ku kai su. Masu kemis, idan dattijo ya dawo muku karo na uku da ciwon baya ɗaya, ku ji tsoron Allah ku tura shi asibiti. Malamanmu da masu unguwanni, ku taya mu isar da saƙon nan a masallatai da majalisu. Masu hali da wakilanmu a gwamnati kuma, muna kira gare ku da ku tsaya a samar da kayan gwajin jini da na ɓargo a Gusau, don kada talaka ya riƙa ratsa hanyoyi masu hatsari saboda gwaji guda.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, kuma wanda ke da mara lafiya mai irin waɗannan alamu, kada ya jira wata kasuwar, ya kai shi a auna jininsa cikin makon nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da yankinmu lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)